Ƙara wa mota ƙarfi a Kebbi: ina ya kamata kuɗinka su fara zuwa?

Duk wanda ya taɓa biyo tirelar shinkafa a hanyar Jega zuwa Koko, ya leƙa ya ga gaba babu kowa, ya taka totur har ƙasa amma motar ta tsaya tana nishi kafin ta ɗauka, ya san abin da ke sa mutum ya fara tambayar yadda ake ƙara wa inji ƙarfi. Ba kowa ke nema don wasan mota ranar ɗaurin aure ba. Wani so yake ya wuce babbar mota da sauri ya koma hannunsa lafiya. Wani kuma sha'awa ce kawai, sha'awar mota kuwa ba laifi ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin shawarwarin da samarinmu ke ɗaukowa daga YouTube an tsara su ne don motar da ke yawo a Jamus ko Amurka, inda iska ke da sanyi da tsabta, fetur kuma ya fi namu juriya. Idan aka kawo wannan lissafi Birnin Kebbi a watan Afrilu, rabinsa rushewa yake yi. Abin da ya fi arha a can sai ya zama shi ne mai cinye inji a nan.

Inji na samun ƙarfi ne daga ƙona fetur da iska, kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. Zuba ƙarin fetur ba wuya. Shigar da ƙarin iska, mai sanyi, mai tsabta, a kuma ƙona ta a daidai lokacinta, nan aikin yake, kuma duk wani gyaran da za a tallata maka da wannan ma'auni za ka auna shi. Kamfanoni na rubuta ƙarfin dokin motarsu bisa awon da aka yi a iska mai zafin digiri 20 zuwa 25. Ranar da garinmu ya kai 43, iskar ta rage nauyi da kusan kashi 6 cikin ɗari, ga kwamfutar motar ita ma tana ja da baya don kada zafi ya illata injin. Shi ya sa motar da ke tashi kamar an tsikare ta da asubar hunturu take yin sanyin jiki da azahar ɗin bazara. Ba ta lalace ba, iskar ce ta canza.

Dawo da abin da ya zube

Honda Accord ta 2003, wadda ake kira EOD, mai silinda huɗu ta fito daga kamfani da ƙarfin doki 160. Camry ta 2007 mai injin lita 2.4 tana da 158. Waɗannan lambobin ranar da suka fito ne. Mota 'yar Kwatano da ta yi shekara goma sha a Amurka, ta zo ta ƙara wasu a hanyoyinmu, ba ta da su yanzu. Saboda haka ƙarfin da ya fi kowane arha shi ne wanda motar ke da shi tun asali ya zube a hanya. Dokin da ke tari ba sabon sirdi yake buƙata ba.

A fara da awon matsin silinda. Idan silinda ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari, ko injin yana shan baƙin mai yana hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, maganar ƙari ta ƙare sai an gyara ringi ko bawul. Idan matsi lafiya lau, sai a bi fulogi, kwayil, nozul, famfon mai da makogwaron totur. Fulogin jabu ya cika kasuwa, kwalinsa kuma ya fi na gaske sheƙi, don haka ka saya inda za ka iya komawa ka yi magana. A duba birkin da ke riƙewa, a duba iskar taya. Akwai kuma al'adu biyu na garejojinmu da ke satar ƙarfi ba a sani ba. Ta farko cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin inji, da haɗa fanka kai tsaye wai don maganin zafi. Injin sai ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfuta ta yi ta zuba mai fiye da kima. Ta biyu zuba baƙin mai mai kauri, 20W-50, a injin da kamfani ya rubuta wa 5W-20 ko 5W-30. Na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul, VTEC a Honda da VVT-i a Toyota, da matsin baƙin mai take aiki, kuma mai kaurin da ya wuce ƙa'ida yana sa ta nawa.

Ka tsaya kusa da bakanike in ya buɗe akwatin iya kilina, wato inda matatar iska take. Zai zaro matatar ya buga ta a jikin taya, jar ƙura ta zubo har ta taru a ƙasa, sannan ya ce a kai wa mai faci ya hure ta da iska. Kada ka yarda, domin iskar kwamfaresa tana yaga ƙananan ramukan takardar, daga nan ƙura ta sami ƙofa. Kafin ya rufe, sa yatsanka cikin bututun da ke bayan matatar, wanda ke tafiya inji, ka shafo. In yatsa ya fito da ƙura, injinka yashi yake ci, kuma ringinsa na kan hanyar ƙarewa. Wani dattijon bakanike na cewa idan saurayi ya kawo masa irin wannan mota yana neman ƙari: “Ɗana, wagga mota ba ƙari taka so ba, gyara taka so.” Gaskiyarsa ne. Kuɗin wannan zagaye duka bai kai na salansar ƙawa ɗaya ba, kuma shi kaɗai ne gyaran da ke ƙara ƙarfi ya rage shan mai a lokaci guda, abin da ba a raina shi tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023.

Kafin ka taɓa komai bayan wannan, ka sami ma'auni. Ƙaramar na'urar OBD2 da ake soka wa mota ƙarƙashin sitiyari tana magana da waya, tana nuna zafin iskar da ke shiga inji da yadda kwamfuta ke ja da lokacin tartsatsi baya. Ka kuma auna daƙiƙoƙin da motar ke ɗauka daga gudun kilomita 60 zuwa 100, a hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na yini, inda babu mutane. Kunne maƙaryaci ne a wannan harka. Mota mai ƙara kullum ji ake kamar ta fi gudu.

Matatar mazurari, salansa da indomi

Su ne farkon abin da ake saye, su ne kuma mafi ƙarancin amfani. Matatar iska mai siffar mazurari, da bututunta mai ƙyalli, mai kyau daga waje tana kai dala 200 zuwa 400. A injin da ba turbo, wato na'urar da ke matsa ƙarin iska cikin inji, abin da take ƙarawa bai cika wuce doki biyar ba, shi ma a ƙarshen juyin inji inda ba ka zama. Wato kowane doki ya tashi a kan dala 40 zuwa 80 ko fiye. Wannan ma a ƙasar da ta dace da ita ke nan. A nan kuwa yawanci cire akwatin kamfani ake yi a ɗaura mazurarin a bayan lagireto, ya riƙa zuƙar iskar cikin bonet da ta fi ta waje zafi nesa ba kusa ba, alhali akwatin asali daga gaban mota yake jawo tasa. An biya kuɗi an rage ƙarfi. Sannan irin wadda ake shafa wa mai tana barin ƙura mai laushi ta wuce fiye da ta takarda, kuma man nata kan ɓata sensar da ke auna iska. Wanda ya san yadda hazo ke rufe Argungu a watan Janairu ba sai an yi masa dogon bayani ba. In kuma aka sauke bakin bututun ƙasa kusa da bamba don neman sanyi, damina na nan tafe: kududdufi ɗaya ya isa inji ya zuƙi ruwa, sandar fistin ta lanƙwashe nan take. Ni dai ra'ayina a bar akwatin kamfani, a riƙa sa sabuwar matatar takarda mai kyau, a ninka yawan canjinta lokacin hunturu.

Canza salansar baya murya take sayarwa, ƙarfin da take kawowa bai taka kara ya karya ba. Idan muryar kake so, ka saya da sanin haka, ka kuma tuna da maƙwabta da masu barcin rana. Bututun da ya yi wa ƙaramin inji faɗi ma rage masa ɗauka yake yi a ƙasa. Abin da ke da ɗan tasiri shi ne bututan farko da ke fitowa daga kan inji, amma sai an haɗa su da gyaran kwamfuta suke nuna kansu.

Indomi kuwa, wato tukunyar da ke tace gubar hayaƙi a bututun salansa, a yi hattara da shi. Idan ya toshe ko ya narke, lallai yana shaƙe mota, kuma canza shi zai dawo da ƙarfi sosai. Amma lafiyayyen indomi ba ya tare wani abin kirki. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake samun masu saurin ba ka shawarar a fasa a cire. Abin da za ka samu shi ne wutar gargaɗi a dashbod wadda ba ta mutuwa, da warin hayaƙi mai guba da kai da iyalinka da ɗan kabu-kabun da ke bayanka za ku shaƙa. A gwada a tabbatar ya toshe kafin a taɓa shi, kuma kana tsaye.

Ƙananan akwatunan da ake tallatawa wai a soka a ramin OBD2 su ƙara kashi 30, da maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, da fankar roba da ake cusawa a bututun iska, duk asarar kuɗi ne.

Gyaran kwamfutar mota, da tarkon lamba 91

Nan ne motoci suka rabu gida biyu, kuma amsar tambayar da ke kan wannan rubutu ta dogara ne ga gidan da motarka take.

Idan injinka ba shi da turbo, kamar na EOD, Camry, Lexus IS250 ko Mercedes C300 ta 2008, iskar da yake zuƙa girmansa ne ya ƙayyade ta. Mai sake rubuta kwamfuta ba shi da abin juyawa sai lokacin tartsatsi da ma'aunin mai, riba kuma 'yar kaɗan ce, galibi ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Motar za ta iya jin totur da wuri, amma jin totur daban, ƙarfi daban.

Idan kuwa turbo ya zo da motar daga kamfani, labari ya sha bamban, domin kwamfuta ce ke yanke yawan iskar da turbon zai tura. Golf GTI ta ƙarni na biyar tana da doki kusan 200, kuma gyaran kwamfuta kaɗai, ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba, yana kai ta wajen 240 zuwa 250. BMW 335i ta 2007 mai injin N54 da turbo biyu tana da 300, ita ma tana karɓar ƙarin 50 ko fiye ta wannan hanya. Farashin irin wannan aiki a waje yana kaiwa dala 500 zuwa 700, wato doki ɗaya a kan wajen dala 10 zuwa 18. Ka ajiye wannan kusa da dala 40 zuwa 80 na matatar mazurari ka gani. A takarda babu gyaran da ya kama ƙafarsa.

Sai dai waɗannan lambobi da fetur mai okten babba aka same su. Okten ma'aunin juriyar fetur ne, yadda zai daure matsi da zafi bai fashe da kansa ba kafin wutar fulogi ta iso gare shi. Idan ya fashe ba bisa ƙa'ida ba, za ka ji wata ƙara siririya, ƙas-ƙas-ƙas, lokacin da ka taka a hawa ko da kaya. Wannan ƙarar duka ce a kan fistin. Kwamfuta na jin ta, tana ja da tartsatsi baya don ta kare injin, amma kariyar tana da iyaka, kuma gyaran da ya ƙara matsin turbo cinye wannan iyakar yake yi.

Ga tarkon. Fetur ɗin gidajen manmu okten ɗinsa wajen 91 ne a ma'aunin RON, wanda Turai ma ke amfani da shi. Amurka kuwa da wani ma'auni daban take rubuta nata, AKI, wanda lambarsa ke gaza ta RON da huɗu zuwa biyar. Abin da Ba'amurke ke kira 91 shi ne kusan 95 a namu lissafin, 93 ɗinsa kusan 98, namu 91 kuwa daidai yake da 87 ɗinsa, mafi ƙasa a yawancin famfunansu. Saurayi zai sayi manhajar gyara ta intanet, ya ga zaɓi an rubuta 91, ya ce ai man Nijeriya ke nan, ya ɗora. A zahiri ya ɗora wa motarsa tsarin man da babu shi a tankinsa, a garin da ke kai digiri 43. Irin su GTI da 335i tun daga kamfani ma 95 ko fiye aka so a ba su, wato da man namu a kan gaɓa suke tafiya tun kafin a taɓa su. Ƙara da cewa mai ba kullum yake zuwa iri ɗaya ba. Ba a manta da fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya lalata motoci ba, balle na galan da ake saye a hannun 'yan bumburutu idan tafiya ta kama. 'Yar kwalbar ƙarin okten da ake zubawa a tanki ba ta cike wannan giɓi, yawancinsu ɗan ɓurɓushin lamba ɗaya suke ɗagawa.

To mai turbo ya haƙura ke nan? A'a, amma ya bi tsari. Ya fara da sanyaya: lagireto mai tsabta, ruwan sanyaya na gaske ba na rijiya ba, da intakula mafi girma, wato na'urar da ke huce iskar da turbo ya matsa kafin ta shiga inji. A yanayinmu intakula ba ƙawa ba ce, ita ke sa ƙarfin da ka samu a takun farko ya kasance yana nan a taku na huɗu. Sannan ya gyara sanannun raunukan injinsa: famfon mai mai matsi a N54, ɗan ƙarfen da ke tsakanin famfon mai da kamshaf a GTI wanda ke cinyewa, da baƙin dattin da ke taruwa a bayan bawul na duk injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda. Bayan haka ne zai nemi mai gyaran da zai rubuta masa tsari a kan RON 91, ya karɓi bayanan da na'urar OBD2 ta naɗa a hanyarmu da zafinmu, ya duba, ya rage inda ya kamata. Ƙarin doki 20 ko 25 da zai shekara yana aiki ya fi 50 da zai kai ka neman inji Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas. Duk mai gyaran da bai tambaye ka wane mai kake sha ba, ɗauki makullinka ka tafi.

Manyan ayyuka

Ɗora turbo a injin da bai zo da shi ba yana iya ƙara kashi 40 ko fiye da ɗan matsin iska kaɗan, shi ya sa yake jan hankali. Amma turbon shi ne ƙaramin kuɗin. Akwai nozul manya, famfon mai, intakula, bututai, layin baƙin mai, kuloci ko giyabos da zai ɗauka, da kwamfutar da za a iya rubutawa. Cikakken kaya mai inganci daga dala 3,000 yake farawa, ban da kuɗin kwastan da na aiki. Injin da aka gina ba don turbo ba matsinsa na ciki ya riga ya yi sama: na IS250 12 ne bisa 1, na Camry V6, wato mai silinda shida, 10.8. Haɗa wannan da man RON 91 da zafin bazara neman fashewar fistin ne da kuɗinka. Ga kuma tambayar da ba a yi sai an makara: ranar da ta tsaya maka tsakanin Yawuri da Kwantagora, wa zai gane abin da aka ƙulla a cikinta?

Gas ɗin naitros, wanda ake fesa wa inji daga tulu don ƙarfin ɗan lokaci, a ajiye maganarsa. Da zarar zafinsa ya haura digiri 36 ya daina zama ruwa a cikin tulunsa, matsinsa ya hau, but ɗin motar da ta yini a rana a Kebbi kuwa ya wuce haka da nisa.

Saura sauya inji, a cire mai silinda huɗu a sa V6. EOD mai V6 tana da doki 240, Camry ta 2007 mai V6 tana da 268, wato ƙarin 80 da 110 a kan ƙannensu. Babu matata ko salansa ko gyaran kwamfuta da zai kusanci wannan. Amma dashen yana jawo giyabos, wayoyi, kwamfuta, kujerun inji, shaf da lagireto, ga lambar inji da ke takardun mota, ga rewaya da zai yi ta yanka yana ɗaurawa. Hanya mafi arha zuwa V6 ita ce ka sayar da taka ka cika kuɗi ka sayi wadda aka haifa da shi, da birkinta da ƙafafunta da aka auna mata tun daga kamfani. Sai dai ka gwada giyabos da kyau, musamman na EOD V6 ta farko-farko wanda aka sani da matsalar zafi, ka kuma shirya wa ƙarin kuɗin mai. Ga mai injin da ba turbo wanda da gaske yake son bambancin da zai ji a bayansa, wannan ita ce shawarata, ko da ba ita ce mai daɗin ji ba.

Akwai kuma na kyauta. Motar da ke da nauyin kilo 1,450 da doki 160, in ka sauke mata kilo 50 na tarkacen but da katon akwatin sifika, daidai yake da ka ƙara mata doki biyar. Manyan rim masu nauyi da ake sa wa don ado su ma ƙarfi suke ci.

Abin da zai tsayar da ita

Ko wane gida ka faɗa, ka ware kuɗin taya da birki kafin na inji. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar tayar Baljiyam mai kyan zane tana iya fashewa a kwaltar azahar ba tare da gargaɗi ba. Man birki yana shan danshi yana tsufa. Sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, DOT 4 kuma 230, amma wanda ya shekara uku a mota ya sauko ƙasa da haka sosai, ranar da ya tafasa kuwa feda ƙasa take tafiya. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, kuma hanyoyinmu na Kalgo, Bunza da Aliero ba mu kaɗai ke kansu ba: akwai garken shanu, akwai amalanke, akwai yara masu tallar albasa a bakin kwalta.

Idan kuɗin hannunka na abu ɗaya ne kuma motarka ba turbo, ka kashe su a awon matsi, fulogi na gaske, tamostat, man da kamfani ya rubuta da tayoyi huɗu sababbi, ragowar ka fara tarin V6. Idan mai turbo ce, lagireto da intakula tukuna, gyaran kwamfuta daga baya, shi ma a gwada shi da rana tsaka a watan Afrilu da na'urar OBD2 a soke, a ga ko kwamfuta na ja da tartsatsi baya kafin a biya cikon kuɗin aiki.